Hurricane ɗin da ya kwana a Kano: yadda na haɗa shi a sikelin 1/48

Duk wanda ya tashi a wajen Kurna ko Kwanar Jaba ya san ƙarar jirgi tun kafin ya iya karatu, mu dai haka muka tashi, jirgi na zuwa sauka muna ɗaga kai. Amma sai da na shiga wannan harkar ta haɗa ƙananan jirage na roba sannan na san cewa akwai lokacin da jiragen yaƙin Ingila suke sauka a Kano ayari-ayari su kwana, da safe su tashi su nufi Maiduguri. Tun ranar da na san haka nace in Allah ya yarda sai na haɗa ɗaya daga cikinsu, wato jirgin yaƙin da ake kira Hurricane, kuma ba a fagen daga zan nuna shi ba, a Kano zan nuna shi, da yamma, bayan ya sauka daga Legas. Wannan shawarar ita ce ta juya komai na aikin, har ta sa na wanke fentin da na kwashe sati biyu ina yi.

Bari na fara da yadda akayi jirgin ya biyo ta nan, don in ba'a san wannan ba ba za'a gane dalilin abubuwan da nayi ba. A ranar 10 ga watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙin duniya na biyu a ɓangaren Jamus, ga Faransa kuma ta faɗi, sai tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojojinsu da ke Masar suna matuƙar buƙatar jiragen sama. Zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu kuma tafiyar makonni ce masu yawa. Sai suka ce to a kawo jiragen cikin akwatuna zuwa tashar jiragen ruwa ta Takoradi a Gwalkwas, Gana ta yanzu kenan, a ɗaura su a can, matuƙa su tuƙo su su ratsa Afirka. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy wato Njamena, sai Janaina da Fashir a Sudan, sai Khartum, daga nan su bi kogin Nilu har Masar, tafiyar kusan mil 3,700, wajen kwana shida. Hanyar ba sabuwa ba ce, tun 1936 kamfanin Imperial Airways yake zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, kuma tun ma kafin nan a watan Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Abin da ya buɗe tsakiyar hanyar shi ne gwamnan Cadi Félix Éboué da ya bi bayan De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agusta 1940, ita kuwa Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wato ta Faransa mai bin Jamus, a lokacin, shi yasa matuƙi bai isa ya karkata arewa ba. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, jirgin Blenheim ɗaya mai injin biyu a gaba tunda shi ke da mai duba taswira, Hurricane shida suna binsa a baya. Kafin a gama jirage sama da 5,000 ne suka bi ta wannan hanyar, kuma cikin matuƙan har da 'yan Poland da yawa.

To kwalin kayan haɗin da na samu na kamfanin Airfix ne, Hurricane Mk.I na ƙasashen zafi, sikelin 1/48, ma'ana duk santimita 48 na jirgin gaske ya dawo santimita 1. Faɗin fikafikan na gaske ƙafa 40 ne, mita 12 da ɗan kai, a hannuna ya dawo santimita 25, kamar tsawon takalmin babba. Wani ɗan'uwa ne ya taho min da shi haɗe da fentin Tamiya da gam ɗinsu mai ruwa-ruwa, sauran kayan aikin kuwa duk a gari na haɗa, hantsaki mai siririn baki da gilashin ƙara girma a wajen masu gyaran waya na Farm Centre, reza da sanfefa mai laushi a Sabon Gari, har da ɗan soson nan da mata ke goge farce da shi, wanda wallahi babu abin da ya kai shi gyara roba mai gilashi in ta karce.

Na fara da wurin zaman matuƙi kamar yadda aka saba, kuma a nan na fara son jirgin nan da gaske. Hurricane ba shi da daɓe a ciki. Sydney Camm da ya zana shi, wanda jirgin farko ya tashi ranar 6 ga Nuwamba 1935, ya bi tsohuwar hanyar kamfanin Hawker ne, ƙashin jirgin bututun ƙarfe ne da aka haɗa kamar gadon ƙarfe, matuƙi yana zaune a tsakiyar bututan, ƙafafunsa a kan wasu 'yan faranti guda biyu dogaye, in abu ya suɓuce masa sai dai ya gangara can cikin jirgin. Kwalin ya kawo waɗannan bututan ɗaya bayan ɗaya kuma sirara ne sosai, in ka matsa reza wajen yanke su daga jikin firam ɗinsu sai su karye, don haka da ɗan zarto nake bi a hankali. Na musu fentin azurfa, bangon ciki na sama kuma kore mai toka-toka. Bel ɗin kujera na yanka daga takardar gwangwanin nan da ke rufe bakin madarar gari, na shafa mata launin kaki, na huda ramuka da allura, wayoyin da ke bin gefe kuma daga tsohuwar cajar waya na zaro jan ƙarfen ciki. Agogunan gaban matuƙi bayan na manna sitikarsu sai na ɗiga ma kowanne ɗigon fenti mai sheƙi da tsinken sakace don ya yi kamar gilashi. Kwana tara nayi a wannan ɗan wurin da bai fi akwatin ashana ba, kuma nasan rabin aikin ba mai ganinsa in an rufe jikin, amma ni nasan yana ciki, kuma shi yasa na yanke shawarar zan bar murfin gilashin a buɗe, an ja shi baya, dama jirgin da ya sauka a zafin Kano ba wanda zai bar shi a rufe da mutum a kusa.

Haɗa jiki da fikafikai bai ba ni wahala ba, gaba da bayan fiffike akwai wasu sanduna biyu da ke riƙe komai a miƙe, in ka zaunar da su daidai sauran duk bi suke. Layin haɗi na ƙarƙashin hanci ne kawai na cike da ɗan bodifila irin na masu gyaran jikin mota na goge. A nan ne matatar iska ta Vokes take, wannan ƙaton haɓar da ke ƙasan hancin jirgin, wadda ke hana rairayi shiga injin Merlin. Mutane da yawa suna cewa ta ɓata ma jirgin kyau, kuma gaskiya ta rage masa gudu, amma ni ina ganin ita ce alamar cewa jirgin nan na ƙasarmu mai ƙura ne, ba na sararin Landan ba.

Abin da babu a kwalin shi ne tankunan ƙarin mai. Hurricane jirgi ne na gajeren zango, an yi shi ne ya tashi ya tare abokin gaba ya dawo gida, ba zai iya zangon Legas zuwa Kano na mil 500 da ɗoriya da mansa na ciki cikin kwanciyar hankali ba balle na Cadi zuwa Sudan, shi yasa ake ɗaura masa tanki biyu a ƙarƙashin fikafikai, kowanne galan 44. Da jikin tsohon biro mai kauri nayi su, na toshe bakin da bodifila na dinga gogawa ina juyawa har suka yi siffar da nake gani a hoto. Wahalar ba yin ɗaya ba ce, wahalar yin biyu iri ɗaya ce, sai da nayi biyar sannan na zaɓi biyu da suka fi kama da juna.

Sai fenti, kuma a nan hunturu ya same ni. A watan Disamba na fara fesawa da ƙaramar bindigar fenti, launin ƙasa-ƙasa da kore mai duhu a sama kamar yadda jiragen suke fitowa daga masana'anta a 1940, cikin kuma wani kore-kore mai haske da suke kira Sky. Launin rairayi da shuɗin ciki da aka fi sani da jiragen hamada daga baya ya zama ruwan dare. Fesawar farko da ta bushe na shafa yatsa sai naji kamar sanfefa, gaba ɗaya fiffiken ya yi gursa-gursa, ga kuma 'yan zaren ƙura sun kwanta a ciki. Na goge na sake, haka dai. Akwai wani dattijo mai fentin mota a bakin layinmu, na ɗauki jirgin a cikin roba na kai masa.

Nace, Baba, dan Allah duba min, me nake yi ba daidai ba?

Ya juya shi a hannu ya shafa da bayan yatsa yace, yaro fentinka a iska yake bushewa kafin ya iso, gari ne yake sauka ba fenti ba. Ka matso da hannunka kusa, ka rage iska, ka ƙara masa ruwansa, kuma kar ka sake fesawa da rana a wannan sanyin, ka bari sai da asuba ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin tukunna.

Haka nayi. Bayan sallar asuba nake yayyafa ruwa a siminti, in rufe taga, in kashe fanka, in rage kwamfuresa, in fesa siriri-siriri daga kusa kamar tsawon yatsa, ina gamawa in kifa masa babbar robar abinci mai murfi. Ranar da ba wuta kuma sai haƙuri don ban yarda in tada janareto saboda fiffike ɗaya ba. Fentin ya kwanta sumul. Iyakar kore da ƙasa-ƙasa na yanka takarda ne na ɗan ɗaga ta daga jikin da dunƙulen salatef, don bakin ya fito da ɗan laushi kaɗan ba kamar an ja da reza ba.

Daga nan ne nayi babban kuskuren aikin. Na daɗe ina kallon hotunan jiragen da gwanayen wannan harkar suke haɗawa, kusan duk sun tsufa, fenti ya ɓaɓɓare, baƙin hayaƙi ya bi gefe, bakin bindigogi duk tsatsa da baƙi, kuma abin yana da kyau a ido sosai, sai hannuna ya bi abin da idona ya saba. Na ɗauki soso na dangwala azurfa na bi gefen fikafikai da jikin jirgin har zuwa wutsiya, na ja baƙin hayaƙin bindiga a bayan ramuka takwas ɗin nan, huɗu a kowane fiffike inda bindigogin Browning .303 suke, na koɗar da koren kamar ya shekara a rana. Na ajiye shi ina jin daɗi. Bayan kwana biyu na dawo da tsofaffin hotunan hanyar Takoradi na jera su kusa da shi, sai gabana ya faɗi, don abin da ke kan teburina ba jirgin da nace zan yi ba ne.

Abu na farko, jirgin da ya kwana a Kano sabo ne. Kwanaki kaɗan da suka wuce aka fito da shi aka ɗaura masa fikafikai a Takoradi, duk tafiyar da yayi kafin ya iso mu bata fi mil 900 da kaɗan ba, kuma rabin farkonta a bakin teku ne da saman daji mai damshi, bai harba ko harsashi ɗaya a kan kowa ba, to daga ina baƙin bindiga zai fito, daga ina fenti zai koɗe? Abu na biyu ya fi ciwo, daga bayan kujerar matuƙi har wutsiya jikin Hurricane ba ƙarfe ba ne, yadi ne aka ja a kan siraran katako aka shafe shi da wani irin fenti mai ɗaure yadi ya yi tauri kamar fatar ganga, shi yasa ake ganin layi-layi a jikinsa. Haka ma abin juya wutsiya da 'yan faifan gefen fikafikai duk yadi ne. Ni kuma na bi na zuba masa ɓarewar azurfa a wurin, kamar mutum ya zana tsatsa a jikin riga. Wannan yadin ma yana cikin dalilan da jirgin ya yi amfani a wurare masu nisa da masana'anta, harsashi kan ratsa ya wuce, makanikai su yi faci a fili su sake shafe shi, kuma an ƙera sama da 14,000.

Na kwana ina tunani ko in bar shi haka in ce ai jirgin hamadar Libiya ne, ba wanda zai tambaye ni. Amma ba shi na yi niyya ba, kuma tankunan da na sha wahala a kansu na tafiya ne. Da safe na sayo sifirit a kemis, na jiƙa auduga na fara wankewa, fentin ruwa irin wannan sifirit na narkar da shi ba tare da ya ci robar ba. Na toshe wurin zaman matuƙi da tishu mai ɗan damshi don kar ya shiga. Yini guda na kwashe da tsohon burushin haƙori ina fitar da fenti daga cikin layukan jikin, sati biyu na aiki suka bi ruwa, na koma kan roba tsirara.

Zagaye na biyu ya fi sauri tunda hannu ya riga ya gane. Bayan launukan sun zauna sai na zo kan abin da ya bambanta jiragen wannan hanyar da sauran, wato farin da ake shafa musu a doro bayan gilashin matuƙi da saman ƙananan fikafikan wutsiya. Dalilinsa mai nauyi ne, jirgi mai launin ƙasa da kore in injinsa ya mutu ya sauka a dajin da ke tsakanin Kano da Maiduguri ko a fakon Darfur, masu nemansa daga sama ba za su gan shi ba, fentin da aka yi don ya ɓoye shi daga abokin gaba shi zai ɓoye shi daga masu ceto. Wannan farin ban fesa shi ba, da burushi na shafa, siriri, na bar koren yana ɗan leƙowa ta ƙasa a wasu wuraren, don abu ne na wucin gadi da aka yi a filin ɗaura jirage ba a masana'anta ba. Sau uku ina yi ina gogewa kafin ya daina kama da kuskure ya koma kama da aikin gaggawa, tsakanin biyun nan tazarar kaɗan ce ƙwarai.

Sitika kuma na koyi darasi tun a wani jirgin da na taɓa yi, in ka manna ta a kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa a ƙasa sai gefenta ya yi fari-fari kamar azurfa. Don haka sai da na fesa mai sheƙi ko'ina ya bushe kwana biyu, sannan na jiƙa su a ruwa mai ɗumi ɗaya bayan ɗaya. A saman fikafikai da'irar shuɗi da ja ce kawai, a gefen jiki kuma rawaya a waje sai shuɗi sai fari sai ja, a wutsiya ratsin ja da fari da shuɗi. Manyan haruffan runduna da ke zuwa a gefen jiki ban saka ko ɗaya ba, suna nan a takardarsu, don jirgin bai kai ga kowace runduna ba tukunna, sai ya isa Masar an duba injinsa da tafiyar ta gajiyar sannan a ba shi gida. Gefen ya yi fili babu komai kuma da farko ido na ya ƙi sabawa, yanzu kuwa wannan filin na fi so.

Tsufan da na ba shi a ƙarshe ɗan kaɗan ne. Hayaƙin salansa siriri, ruwan toka da ɗan ƙasa-ƙasa, ya bi gefen hanci ya tsaya kafin gilashi. Ɗan zirin baƙin mai a ƙarƙashi bayan injin zuwa wajen lagireto da ke tsakiyar ciki. 'Yar gogewa kaɗan a gindin fiffiken hagu inda matuƙi da makanikai ke takawa, nan kam ƙarfe ne. Ramukan bindigogi na rufe su da 'yan jajayen faci da na yanka daga sitika, ba baƙi ko ɗigo. Sai ƙura, ita ma ba ko'ina ba, a tayoyi da ƙafafun sauka da bayan farfela ta ƙasa inda iska ke tayar da ita in jirgi na tafiya a ƙasa, kuma ƙurar ta gaske ce, jar ƙasa na ɗebo na tankaɗe da tsohon ɗankwali na haɗa da garin alli don ta yi haske, tunda a wannan sikelin ƙwayar rairayi ɗaya ta kai tsakuwa.

Akwai wani ɗan abu da nake so duk mai haɗa Hurricane ya lura da shi. A gefen hagu ƙarƙashin jiki akwai matakala da ake jawowa ƙasa, kuma tana haɗe da wani ɗan ramin riƙewa da ke sama a jikin jirgin, in ka ja matakalar ramin sai ya buɗe, in ka mayar ya rufe. To in ka nuna matakala a ƙasa dole ramin ya zama a buɗe. Na huda nawa da bakin reza na saka ɗan murfinsa a karkace. Gilashin kuma da farin gam ɗin kafintoci na manna shi, sufa gulu tururinsa na sa roba mai gilashi ta yi hazo kuma ba ta dawowa. Wayar rediyo daga sandar bayan matuƙi zuwa wutsiya silin gashin kanti ne guda ɗaya baƙi, na ɗaure na kawo kan ashana mai zafi kusa da shi ya miƙe tsaf.

Na zaunar da shi a kan ɗan katako da na shafe da gam na barbaɗa sauran jar ƙasar, da durom biyu na mai a gefe da katakon tare taya, sai 'yar busasshiyar ciyawa da na yi da zaren igiyar buhu. Daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu aikin ya ɗauka. Tankin dama ya ɗan fi na hagu tsawo da kamar rabin milimita, in ka kalle shi ta gaba a daidai ido zaka gani, kuma na bar shi haka don cire shi zai ɓata fentin ƙarƙashin fiffiken. Na bar fili a gaban katakon ta hagu daidai girman Blenheim ɗin da ke jan ayari, shi ba zan taɓa fentinsa ba sai ruwan farko ya sauka ƙura ta kwanta.